Yadda Van Gogh Ya Bayyana Ɗakinsa a Wasiƙa

A watan Oktoban 1888, Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holan, yana zaune a garin Arles da ke kudancin Faransa. Ƙaninsa Theo kuwa yana Faris, dillalin zane ne, kuma shi ke aiko masa kuɗin abinci da na fenti. Wasiƙa ce ke haɗa su, kuma fiye da 600 daga cikin waɗanda Vincent ya rubuta masa suna nan har yau.

Ku dubi wata wasiƙa da ya rubuta wa Theo a wannan watan. Vincent yana aikin zanen ɗakin kwanansa, yana so Theo ya gani. Sai ya zayyana ɗakin da alƙalami a jikin takardar, gado ga shi, kujeru biyu, taga. Amma tawada ba ta nuna launi, dole ya faɗa da baki. Ya ce bango shunayya ne mai haske, daɓen ƙasa ja, gado da kujeru ruwan ɗorawa kamar sabon man shanu, bargo ja wur, taga kore, kwanon wanke fuska shuɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ko kaɗan bai tsaya ba da labarin kaɗaicinsa a ɗakin ba. Launi kawai yake lissafawa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi aikin da yake so launin ya yi: duk wanda ya kalli zanen hankalinsa ya kwanta, ya ji barci. Har inuwa ya ce ya cire, irin yadda masu zanen Japan ke yi.

To, yanzu ku kalli ainihin zanen ɗakin a gidan adana kayan tarihi na Van Gogh da ke Amsterdam. Bangon shuɗi ne. Me ya faru? Jan fentin da ya gauraya da shuɗi ne ya koɗe da shekaru, shuɗin ya rage shi kaɗai. Masana sun binciki ɓurɓushin fentin, sakamakon ya yi daidai da maganar Vincent.

Wasiƙun nan da sun salwanta ba don Johanna, matar Theo, ba. Vincent ya mutu a Yulin 1890, Theo ya bi shi bayan wata shida, ita ce ta tattara su ta buga a 1914.