Ɗalibin da ake tsangwama a ɗakin bincike

Wannan bayani naku ne, malamai masu kula da ɗaliban shekara ta 3 na lisans, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ne, ko a cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna inda ake zuwa koyon aiki.

Akwai ɗalibin da ake yi wa shaguɓe saboda muryarsa, tafiyarsa, ko raɗe-raɗin wanda yake so. A kira shi ɗan daudu, in mace ce kuma a ce mata 'yar maɗigo. Irin wannan yaro ba ya kawo ƙara. Sai dai ya riƙa zuwa bayan kowa ya watse, ko ya daina zuwa. In aikinsa ƙidayar tsutsar da ke cin zangarniyar gero ne, fashin mako 2 ya isa ya ɓata binciken, domin damina ba ta jiran kowa.

Ku fara da tsari. A manna jadawalin amfani da ma'auni da madubin ganin ƙananan halittu a bango, da sunan kowa da lokacinsa. Malami ne zai haɗa ɗalibai biyu-biyu. In aka bar musu zaɓi, shi za a bari shi kaɗai.

In aka yi baƙar magana, ku tare ta nan take: “Ba ma irin wannan magana a nan.” Kada ku ambaci sunan wanda aka nufa.

Babban abu shi ne riƙon sirri. Kada ku tambayi ɗalibi rayuwarsa. In ya buɗe muku cikinsa da kansa, amana ce: ba a rubutawa, ba a turawa a WhatsApp, ba a gaya wa iyaye ko wani malami. Tonon asiri kan jawo kora daga gida, yanke kuɗin karatu, har da duka. Shi ya sa ya fi kyau ku gana da kowane ɗalibi, minti 15 duk mako 2, yadda shigar mutum ɗaya ofishinku ba za ta zama abin tsegumi ba.

Kafin fita ƙauye ɗibar samfuri, ku sanar da wurin kwana da abokan tafiya tun mako guda, kowa ya samu damar neman sauyi ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Ranar rubuta sakamako kuma, a buɗe littafin aiki a duba wanda ya auna, wanda ya ƙirga, a sa sunansa.