Darasi: Yadda Ake Gane Ƙumar Ruwa a Kududdufi

Assalamu alaikum masu kallo. Yau ga mu a bakin wani kududdufi a bayan garin Katsina, ruwan damina ya kwanta ya yi kore shar. Ku dubi kwalbar nan da na ɗaga wa rana. Kun ga 'yan ɗigo-ɗigon nan masu zillo, su yi sama su dawo? To su ne ƙumar ruwa. Ba sa cizo, dangin jatan lande ne.

Wadda muke nema sunanta Moina, tsawonta bai cika wuce milimita 1 ba. Mu sa ɗigo ɗaya a madubin likita. Jikin nan garai-garai yake, har zuciyarta kana gani tana bugawa ta wajen baya. Ido ɗaya ne baƙi. Hannuwa biyun nan masu rassa, da su take tunkuɗa ruwa. Yanzu ku lura da kyau: kanta a dunƙule yake, bayanta kuma babu tsini. In ka ga baki mai tsini da ƙaya a wutsiya, 'yar uwarta ce Daphnia. In kuwa jikin dogo ne, wutsiya ta rabu biyu, ga jakar ƙwai hagu da dama, wannan Cyclops ne, wanda a da yake ɗaukar tsutsar kurkunu kafin a tabbatar Najeriya ta rabu da cutar a 2013.

Ina ake samunta? Ruwa kwantacce mai ɗumi, inda dabbobi ke sha suna barin kashi, domin gansakukar da ba a gani da ido ita ce abincinta. A manyan madatsu irin Ajiwa ko Jibiya, kifi na cinye ta, sai ka nemi gefen ciyawa. In ka ga ta yi ja, iskar ruwan ce ta yi ƙaranci.

Abin da ya fi burge ni, in da abinci, mata kaɗai ke haihuwar mata, ba namiji. Sai ruwa ya fara janyewa maza su bayyana, a yi ƙwai mai baƙin kwanso da zai jure rani cikin busasshen laka har ruwa ya sauko.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, ku ɗebo ta da sassafe da ƙyallen mayafi mai laushi, ku ɗauraye da ruwa mai tsabta, ku tace tsutsar sauro da Cyclops kafin ku zuba wa 'ya'yan kifi.