Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli daga Gamayyar Ƙungiyoyin Agaji na Ƙasar Haɗeja

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.

Mai girma Kwamishina da 'yan rakiyarsa, wakilin Mai Martaba Sarki, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana ma'aikatan agaji, assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. A madadin ƙungiyoyin da ke aiki a ƙananan hukumomi takwas na wannan masarauta, ina yi maka maraba. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne lokacin da ka zaɓa. Mun saba karɓar manyan baƙi a watan Satumba, ruwa ya riga ya ci gari, ana raba tabarmi da shinkafa a harabar makarantun firamare. Kai kuwa ka zo da rani, ƙasa a bushe, lokacin da har yanzu akwai abin da za a iya yi. Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, ruwan da ke cin gonakin Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma ba duka a kanmu yake sauka ba. Daga ƙasar Kano yake tasowa. Kogin Kano da ke ƙarƙashin madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana haɗuwa da kogin Challawa, wanda shi ma aka datse a 1992, su zama kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso mana. Da ya iso sai ya tarar da ciyawar kachala ta toshe masa hanya, yashi ya cike gindin kogi, dole ya fantsama cikin shinkafa da gidajen ƙasa. Wannan tafiya tana ɗaukar ruwan kwanaki. Waɗannan kwanakin su ne jarinmu, kuma a kansu aka kafa wannan gamayya.

A da kowace ƙungiya gabanta take yi. Sai ka ga ƙauyen da ke bakin kwalta ya karɓi kayan agaji daga ƙungiyoyi uku, wanda ke bayan fadama, inda sai da kwalekwale, ko bargo ɗaya bai gani ba. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Kowa dai bai san inda ɗan'uwansa ya taka ba. Ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, ita ta nuna mana ƙarara cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu mun raba aiki. Rajistar magidanta ɗaya ce, kowace ƙungiya ta san garuruwan da ke wuyanta. Masu horar da matasa kan ceto da taimakon farko suna nasu, ƙungiyoyin mata suna riƙe da sunayen masu juna biyu da tsofaffi da naƙasassu a kowace unguwa, domin su ne za a fara fitarwa. Ƙungiyoyin manoma da masunta kuma su ne idanunmu a bakin kogi.

Ina so in ɗan tsaya a kan wannan na ƙarshe, don shi ne zuciyar aikin. Duk shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna kuma ta bayyana ƙananan hukumomin da ke fuskantar barazanar ambaliya. Aiki ne mai kyau, muna kuma amfani da shi. Amma manomin da ya ci bashi ya shuka shinkafa ba zai bar gonarsa don wata takarda ba. Zai tashi ne in wanda ya yarda da shi ya ce masa ya tashi. Shi ya sa muka kafa sanduna masu alamar fenti a gaɓar kogi. Masunci ya duba da asuba, ya ga ruwa ya taɓa ja, ya buga waya garin da ke ƙasa da su. Daga nan magana ta je wurin mai unguwa, liman ya faɗa bayan sallah, sanƙira ya zaga gari. Kafin hantsi matasa sun fito da buhunan yashi suna ƙara tsayin jinga, mata sun kwashe hatsi daga rumbu zuwa tudu. Ban san wani kuɗi da ake kashewa a harkar agaji da ya kai kuɗin katin wayar wannan masunci albarka ba.

Duniya ma nan ta dosa. Yarjejeniyar Sendai kan rage haɗarin bala'o'i, da ƙasashe suka amince da ita a Japan a 2015, wadda za ta kai 2030, ta sa isar da gargaɗi ga jama'a cikin manyan manufofinta, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2027 a matsayin shekarar da take son gargaɗin ya kai ga kowa. Abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ya isa ya hana duk mai zaune a ƙasan madatsa sakaci.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna da roƙo. Babba shi ne a haɗa mu da masu kula da madatsun ruwa, ta yadda duk ranar da za a saki ruwa, ko madatsa ta cika ta fara tumbatsa, labari zai zo mana kai tsaye, mu kuma mu kai shi ƙauye a ranar. Muna kuma roƙon a ba gamayyar nan kujera a kwamitocin agajin gaggawa na ƙananan hukumomi, su riƙa zama tun kafin ruwan farko. Sannan a ci gaba da yashe kogi da cire kachala da rani. Matasanmu a shirye suke da aikin gayya, amma akwai wuraren da sai da injin. Ba mu raina buhun shinkafar agaji ba, ya share hawayen mutane da yawa. Sai dai in aka ware wani kaso na wannan kuɗi aka gyara jinga a watan Afrilu, magidanci zai ci shinkafar gonarsa da mutuncinsa.

Bayan wannan zama, in ka amince, za mu raka ka bakin kogi ka ga jingar da mutanen gari suka ɗaga da hannunsu, da wurare biyu da muke tsoron za ta ɓalle bana. Shugabar ƙungiyoyin mata da sarkin ruwa suna can suna jiranka, kuma sun fi ni sanin abin da za su faɗa maka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.