Hana'a, tauraruwar da ta fara kumbura

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwa na nan Tawa, abu uku na zo da su a kan tauraruwa guda. Na baya, kuna ji?

Na farko, sunanta. Turawa na ce mata Alhena, amma daga Larabci suka are shi: Al-Han'a, wato shaidar da ake yi wa raƙumi a wuya da ƙarfe mai zafi. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Abalak ya ga wannan shaida. Ku tambayi Buzu, kallon wuya kawai zai yi ya gaya muku garken su wa ne. To, Larabawan da can da suka ɗaga kai, abin da suka gani ke nan a sama, wuyan raƙumi! Malamanmu na hisabi kuma sun san ta sarai, tana cikin masaukan wata 28, wato taurarin da wata ke sauka a wajensu dare bayan dare, bayan Haƙa'a, kafin Zira'a. Haƙa'a, Hana'a, Zira'a. Na ga Malam Liman yana murmushi, ai gidansa muka shigo. Wallahi abin nan na faranta mini rai, suna ɗaya a bakin makiyayi da malami da masanin taurari.

Jikinta kuwa fari ne, zafin samanta ya kai digiri 9,000, na ranarmu 5,500. Ta kusa ninka rana uku a nauyi, haskenta ya fi na rana sau 100. Iskar haidirojin da take ƙonawa a cikinta ta yi ƙasa, shi ya sa ta fara kumbura, amma ba ta kai ƙatuwa ba tukun. Hasken da kuke gani shekara 109 ya yi a hanya.

Na biyu... a'a, na uku ke nan ko? Tana da abokiyar tafiya, wata ƙaramar tauraruwa, suna zagaya juna cikin shekara 12 da 'yan watanni. A 1991 wani dutsen sararin sama mai suna Myrrha ya gifta ya rufe babbar na ɗan lokaci, sai hasken ƙaramar ya bayyana.

Na'am, Baba? Baba na tambaya ko ita ke kawo ruwan shuka. Ranka ya daɗe, ruwa na Allah ne, ita alamar lokaci ce. Da farkon damina ma tana kusa da rana, ba ta ganuwa da dare. Ku jira sanyi, cikin Janairu, wajen tsakar dare. A nan Tawa kusan ta tsakar kanku za ta bi.