Kati ɗaya ko biyu? Yadda za ka zaɓi katin girafik matsakaici

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Akwai wani lissafi da kusan duk mai haɗa kwamfutar wasa yake yi a ransa. Kuɗinsa ba su kai na babban katin girafik ba, wato katin da ke zana hoton da ake gani a allo, sai ya ce bari ya sayi matsakaici yanzu, in Allah Ya hore nan gaba ya ƙaro irinsa ya haɗa su biyu, ƙarfi ya ninka. A ido lissafin yana da daɗi. To amma in don wasa ne, ina roƙonka kada ka bi wannan hanya. Zan faɗa maka dalili dalla-dalla, domin wanda ya gane dalilin zai fi iya zaɓen katinsa guda ɗaya da kyau.

Tunanin haɗa kati biyu ba daga sama ya faɗo ba, ya taɓa yin aiki ƙwarai. A 1998 kamfanin 3dfx ya fito da katin Voodoo2, wanda ake iya haɗa guda biyu da wata 'yar igiya. Ɗaya yana zana layi na farko na hoton, ɗayan yana zana na biyu, haka suke karɓa-karɓa har ƙasan allo. Sunan tsarin SLI. Daga baya 3dfx ya durƙushe, Nvidia ta saye kadarorinsa, kuma a 2004 ta farfaɗo da sunan SLI da sabuwar dabara. ATI, wadda AMD ta saya a 2006, ta mayar da martani da nata tsarin mai suna CrossFire a 2005. Tsawon kusan shekara goma daga nan, wanda duk yake son ya nuna kwamfutarsa ta isa, kati biyu yake sakawa, wasu ma uku ko huɗu.

Yanzu mu duba yadda katunan biyu suke raba aiki, don a nan matsalar take kwance. Abin da kake gani yana motsi a allo jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri, kowanne ana ce masa firem. Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce kati na ɗaya ya zana firem na farko, kati na biyu ya zana na biyu, na ɗaya ya dawo ya ɗauki na uku. Ka ɗauka masu zane biyu ne aka ba su aikin zana hotunan labari ɗaya, suna karɓa-karɓa. Kowannensu dole ya mallaki cikakken fenti da kayan aikinsa, ba zai yiwu a raba musu rabi-rabi ba, tunda kowa cikakken hoto zai zana.

Wannan shi ne abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba. Ma'adanar da ke kan katin, wato VRAM, ba ta haɗuwa. Kati biyu masu gigabait 8 ba sa ba ka gigabait 16 a wasa. Gigabait 8 ɗin nan dai kake da shi, domin duk abin da aka loda a kati na ɗaya sai an kwafe shi a na biyu. Ka biya kuɗin ma'adana sau biyu, ka amfana da ɗaya. Kuma ka lura, katin matsakaici galibi ta ɓangaren ma'adana yake fara gazawa. Ke nan ka ƙara ƙarfi a inda ba a nan ciwon yake ba.

Abu na biyu shi ne sarƙewar motsi. In wasa yana gudu a firem 60 cikin sakan ɗaya, kamata ya yi kowane firem ya iso bayan kimanin milisakan 16.7. Da kati biyu, sau da yawa ba haka ake samu ba. A ce wani firem ya iso bayan milisakan 5, na gaba kuma sai bayan 28. Ma'aunin da ke kusurwar allo zai ci gaba da nuna maka 60, amma idonka da hannunka suna jin abin yana ɗan tsayawa yana fizga. Wannan matsala ta yi ƙamari har sai da AMD ta fitar da direba na musamman, wato manhajar da ke sarrafa katin, a 2013 don daidaita tazarar firem a CrossFire. An samu sauƙi, amma ciwon bai warke gaba ɗaya ba.

Abu na uku kuma, wanda a ganina shi ne ya yi wa tsarin kisan mummuƙe, shi ne yadda aka sauya hanyar gina wasanni. Wasannin zamani suna leƙa firem ɗin da ya gabata kafin su zana na yanzu. Da haka suke goge kaushin gefen abubuwa, da haka suke tace haske da inuwa, da haka kuma dabarun ɗaga ƙudurin hoto irin su DLSS da FSR suke aiki. To in firem ɗin da ya gabata yana hannun ɗaya katin, dole wannan ya tsaya ya jira a gama shi, sannan a turo masa. Da zarar jira ya shigo, amfanin aiki tare ya tafi.

A zamanin DirectX 11, wato tsarin da wasanni ke bi wajen magana da katin, Nvidia da AMD ne suke zama su rubuta wa kowane babban wasa saiti na musamman a cikin direba don kati biyu su yi aiki. Wasan da ba a rubuta masa ba, katinka na biyu yana zaune ne kawai yana shan wuta. Da DirectX 12 ya zo a 2015, sannan takwaransa Vulkan a 2016, sai nauyin ya koma wuyan masu ƙirƙirar wasannin. Tsiraru sun gwada. Wasan Ashes of the Singularity ma ya yarda a haɗa katin Nvidia da na AMD a kwamfuta ɗaya. Amma yawancin kamfanoni ba su ga dalilin ɓata watanni kan abin da 'yan kaɗan ne za su mora ba.

Su kansu masu ƙera katunan sun janye, kuma daga kan matsakaitan suka fara. GTX 1060 na Nvidia ya fito a 2016 babu wurin saka gadar SLI, wadda ke haɗa katunan biyu, kwata-kwata. A 2017 AMD ta ajiye sunan CrossFire. A jerin RTX 30, katunan 3090 ne kaɗai suka zo da mahaɗin NVLink, wanda ya gaji gadar SLI, kuma daga ranar 1 ga Janairun 2021 Nvidia ta daina rubuta sababbin saitunan SLI a direbobinta. RTX 4090 na 2022 ya zo babu mahaɗin ma. Saboda haka in ka sayi RTX 5060 guda biyu yau ka soka su a madabod ɗaya, wato babban falon da ake jona duk sassan kwamfuta a kai, wasanka da ɗaya zai yi amfani. Ba batun ko ribar ta kai kuɗin ba ne, ƙofar ce a rufe.

To tunda kati ɗaya za ka saya, ta ina za ka fara? Ka fara da monitarka, ba da sunan kati ba. Allon 1080p yana da ɗigon hoto kusan miliyan 2.1. Na 1440p yana da kusan miliyan 3.7. Na 4K ya haura miliyan 8.2, wato ninki huɗu na 1080p. Kowane ɗigo aiki ne a kan katin. In monitarka 1080p ce mai sauya hoto sau 60 a sakan, katin da zai iya fitar da firem 200 ba zai nuna maka komai fiye da abin da allon zai iya ɗauka ba. Ajin RTX 5060, RX 9060 XT da Arc B580 sun wadatar a nan. In kuwa 1440p kake da ita, ko kana da niyyar komawa can, ka ɗaga ido zuwa ajin RTX 5070 ko RX 9070.

Sai ma'adana, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne na fi jin takaicin yadda ake yi wa masu saye. RTX 3060 na 2021 ya fito da gigabait 12. Magajinsa RTX 4060 na 2023 ya dawo gigabait 8, haka ma RTX 5060 na 2025. Alhali wasannin da ake yi yanzu ana gina su ne da PlayStation 5 da Xbox Series X a zuciya, waɗanda kowannensu ke da gigabait 16 da na'urar take rabawa tsakanin ayyukanta. Idan ma'adanar kati ta cika, ba raguwar gudu kaɗan-kaɗan ake gani ba. Katin yana fara aro daga RAM na kwamfuta, wanda ya fi nisa kuma ya fi jinkiri, sai ka ga wasan yana daskarewa na ɗan lokaci, ko bango da fuskokin mutane su koma dishi-dishi don an kasa loda cikakken zanensu.

Ga inda ya kamata ka buɗe ido sosai a lokacin saye. RTX 5060 Ti iri biyu ne, akwai mai gigabait 8, akwai mai 16, suna ɗaya, kwali kusan iri ɗaya. RX 9060 XT ma haka, 8 da 16. RTX 4060 Ti ma haka aka yi. Ka karanta lambar da ke jikin kwalin da idonka. Shawarata ita ce in kana son katin ya yi maka shekara huɗu ko biyar, kada ka sauka ƙasa da gigabait 12, kuma in bambancin kuɗin bai fi ƙarfinka ba, ɗauki mai 16. Gigabait 8 yana nan da amfaninsa ga mai buga wasannin gasa marasa nauyi irin su Valorant ko Counter-Strike 2 a 1080p. Wannan mutumin bai yi asara ba. Amma ya saya yana sane da iyakar abin da ya saya.

Akwai wani ɗan abu da ke da alaƙa da wannan, musamman ga mai tsohon madabod. Katuna irin su RTX 4060, RTX 5060 da 5060 Ti layuka 8 kawai suke amfani da su a ramin PCI Express, inda ake soka katin, ba 16 ba. A sabon madabod ba za ka ji komai ba. Amma a madabod mai PCIe 3.0, hanyar ta ƙuntata, kuma daidai lokacin da ma'adana ta cika ake fi buƙatar wannan hanya. Shi kuma Arc B580 na Intel, wanda ya fito a Disambar 2024 da gigabait 12, yana buƙatar a kunna masa Resizable BAR a saitin madabod, in ba haka ba ƙarfinsa yana zubewa sosai. In kwamfutarka ta kwana biyu, tabbatar tana da wannan saiti kafin ka yi sha'awarsa.

Batun wuta ba shi da wahala. RTX 5060 yana cin wat 145, 5060 Ti wat 180, RX 9070 wat 220, RTX 5070 wat 250. Ramin madabod yana bayar da wat 75, igiya mai baki 8 tana bayar da 150. Duba abin da aka rubuta a jikin PSU ɗinka, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, duba igiyoyin da yake da su, sannan ka auna tsawon cikin akwatin kwamfutar da abin awo, don katin fanka uku ba kowane akwati yake shiga ba.

Game da DLSS, FSR da XeSS kuwa, dabaru ne masu amfani na gaske. Katin yana zana hoto ƙarami sannan ya ɗaga shi, ka samu ƙarin gudu ba tare da hoton ya lalace sosai ba. Amma ka yi hattara da alƙaluman talla da aka kumbura da firem ɗin da na'ura ta ƙirƙira a tsakanin na ainihi. Suna sa motsi ya yi santsi a ido, amma ba sa sa wasan ya amsa wa hannunka da sauri, kuma su ma suna cin ma'adana. In kana kallon gwaje-gwajen masu bita, nemi sakamakon da ba a kunna wannan ba, kuma kada ka tsaya a matsakaicin gudu kaɗai. Duba lambar da suke nunawa ta kashi 1 cikin 100 mafi jinkiri, ita ce take gaya maka ko wasan zai riƙa fizga.

Shin ke nan kati biyu ba su da sauran amfani a duniya? Suna da shi, amma a wajen aiki. In kana haɗa hoto mai fuska uku a manhajar Blender, injinta na Cycles yana iya raba aikin hoto ɗaya ga katuna da yawa, kuma tunda ba wanda yake jiran firem na gaba cikin milisakan 16, ribar tana fitowa fili. DaVinci Resolve Studio ma yana amfani da kati fiye da ɗaya wajen tace bidiyo. Masu gudanar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarsu ta gida sun fi kowa cin moriya, domin manhaja irin llama.cpp tana iya yanka samfurin basirar gida biyu, rabi a wannan kati, rabi a wancan. A nan kam gigabait 16 da 16 suna ɗaukar abin da kati ɗaya mai 16 ba zai iya ɗauka ba. Duk waɗannan ba sa buƙatar SLI ko wata gada.

In kana cikin waɗannan mutane, ga abin da za ka bincika kafin ka sayi na biyun. Buɗe littafin madabod ɗinka ka ga layuka nawa ramin na biyu yake da su a zahiri, domin da yawa tsawonsu na 16 ne amma layuka 4 kawai aka jona musu. Lissafa wutar katunan biyu tare da ta furosesa ka ga ko PSU zai ɗauka da sauran rara. Ka kuma tabbatar akwai tazara tsakaninsu, don in suka manne da juna, na saman zai riƙa shaƙar iska mai zafi, ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Sannan ka shiga shafin manhajar da kake aiki da ita ka karanta ko wane irin kati take goyon baya, domin da yawa daga cikinsu an gina su ne a kan tsarin CUDA, wanda a katunan Nvidia kaɗai yake aiki.