Bayan masu bincike sun tafi, wa ke komawa ƙofar yaron?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau zai kai mu Ingila, inda doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kare yaran da ke cikin haɗari a gidajen iyayensu. Hukumar Ofsted, wadda aka fi sani da duba makarantu, ita ce ke zuwa ta auna yadda ake sauke wannan nauyi. Shekara da shekaru hukuncinta bai wuce ɗayan huɗu ba: ko aiki ya yi fice, ko ya yi kyau, ko yana buƙatar gyara, ko kuma ya gaza. Ƙaramar hukumar da aka ce ta gaza, gwamnati kan turo mata kwamishina, masu bincike su riƙa leƙowa a kai a kai, wani lokaci ma a karɓe aikin daga hannunta a miƙa wa wata cibiya ta dabam.

To, shin karɓe aikin shi ne maganin? Mu ɗauki birnin Sunderland da ke arewa maso gabashin ƙasar. A 2015 Ofsted ta ce kula da yara a can ya gaza. A watan Afrilun 2017 aka kafa kamfani mai suna Together for Children, mallakar ƙaramar hukumar amma mai shugabanninsa, aka damƙa masa aikin. Sabon suna, sabon tambari. Da masu bincike suka dawo a 2018, hukuncin bai sauya ba: ya gaza. Ashe an canza wa tuwo suna ne kawai. Sai a 2021 labari ya juya, Sunderland ta yi tsalle daga matakin ƙarshe zuwa na farko, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan.

A ganina, abin da ya faru a shekaru ukun nan shi ne ainihin labarin, kuma ba irin wanda jaridu ke sawa a shafin farko ba ne. Shugabanci ya zauna da gindinsa. Aka rage dogaro da ma'aikatan haya, waɗanda yau suna nan gobe sun koma inda kuɗi ya fi tsoka. Kowa ya koyi tsarin aiki iri ɗaya. Ku ɗan kwatanta a ranku: yarinya 'yar shekara tara, da ƙyar ta saki jiki ta gaya wa wata ma'aikaciya abin da ke faruwa da ita da dare. Bayan wata biyu sai ga baƙuwar fuska da sabon fayil, a ce ta sake bayani tun daga farko. Karo na uku ba za ta buɗe baki ba. Wannan shirun ba ya fitowa a jadawalin kowane ofis, amma a nan ne ake rasa yara.

Kada kuma mu ɗauki hukuncin masu bincike tamkar yankan wuƙa. A 2007 an yaba wa aikin ƙaramar hukumar Haringey da ke Landan. A watan Agustan shekarar wani yaro ɗan wata 17, wanda jaridu suka riƙa kira Baby P, ya mutu a hannun mutanen gidansu, alhali ma'aikatan jin daɗin jama'a da likitoci da 'yan sanda sun gan shi kusan sau 60. Takardu sun cika, yaro ya tafi. Da aka sake bincike a ƙarshen 2008 sai aka ce aikin ya lalace, aka cire shugabar sashen kula da yara. Abin da Farfesa Eileen Munro ta nuna ke nan a rahotonta na 2011 kan aikin kare yara a Ingila: tsoron laifi ya mayar da ma'aikata masu cike fom, suna ɓata lokaci gaban kwamfuta maimakon zama da iyali. Duk ƙaramar hukumar da ta sha kaye wajen bincike, jarabar da ke gabanta ita ce ta ƙara yawan takardu don ta burge baƙi in sun dawo. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Birnin Leeds ya bi wata hanya. Shi ma an taɓa cewa ya gaza, amma aikin ya ci gaba da zama a hannun ƙaramar hukuma, ya samu shaidar kyau a 2015, ya yi fice a 2018. Cikin abubuwan da ya dogara da su akwai taron dangi: kafin a ɗauke yaro, a tara kakanni da kawunnai da gwaggwanni da maƙwabta na amana, ma'aikata su faɗi damuwarsu, sannan su fita su bar dangi su tsara mafita da kansu. Daga ƙasar New Zealand aka aro wannan, inda dokar 1989 ta ɗauko shi daga al'adar 'yan ƙabilar Maori. Mu da muka tashi muka ga inna ko goggo ta ɗauki riƙon ɗan 'yar'uwarta, sai mu yi murmushi a ce wai sabon salo ne. Sai dai mu ma mun san riƙo yakan zama wahala idan babu mai bin sawu, kuma a Leeds ba a sallamar yaro a juya baya.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan komai. A 2023 yara fiye da 83,000 ne ke hannun hukuma a Ingila. Da yawa daga gidajen renon da ake kai su na kamfanoni ne masu zaman kansu, kuma a 2022 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ce manyansu na cin ribar da ta wuce ƙima. Kuɗin da ya kamata a taimaki uwa da shi tun matsala tana ƙarama, sai ya ƙare a biyan kuɗin ajiye yaro a gidan reno bayan ta girma. Binciken tsarin kula da yara da Josh MacAlister ya jagoranta a 2022 ya nemi fam biliyan 2.6 cikin shekaru huɗu. Da gwamnatin lokacin ta amsa a Fabrairun 2023, fam miliyan 200 ta sa a kan tebur.

Ga Birmingham nan, ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar. Ta yi fiye da shekara goma ana cewa ta gaza, aka kafa mata cibiya ta musamman a 2018, ta rarrafa har Ofsted ta ce aikinta ya yi kyau a watan Afrilun 2023. Wata biyar bayan haka, a Satumba, majalisar birnin ta sanar cewa kuɗinta ba za su iya biyan abin da ke kanta ba, saboda bashin haƙƙin ma'aikata mata da wani tsarin kwamfuta da ya ci dukiya. Ma'aikatan da suka ɗauki shekaru suna gyaran, da wannan labari suka wayi gari, kowacce da jerin gidajen da za ta ziyarta kafin la'asar.