Wayar ƙarfe da furen wardi: daga bango zuwa hannun amarya

Assalamu alaikum mutanen gida, na Birnin Kebbi da Argungu da Jega, ina gaishe ku. Yau ina bayan shagon furanni inda nake aiki a nan Holan, ba nisa da Aalsmeer, garin da ke da babbar kasuwar gwanjon furanni. Wardin da ke cikin bokitin nan daga Kenya jirgi ya kawo shi, don can gefen tafkin Naivasha ake noma shi da yawa. Ƙanwata da ke kwalliyar wurin biki ce ta dame ni da tambaya, wai me ya sa nata furen ke sunkuyar da kai tun kafin amarya ta iso. To bari mu fara daga lambu.

Ku dubi bangon nan. Wannan wardi ne mai hawa, amma fa ba kamar duma ko soso ba da ke kama danga da kansu. Shi ƙaya kawai gare shi, sai an ɗaure shi. An ja wayar da ba ta tsatsa a kwance, layi-layi, tsakanin kowane layi santimita 30 zuwa 45, an kuma bar ɗan fili tsakaninta da bango don iska ta ratsa. Ku da ke Kebbi ku ƙara filin nan, don bangon bulo a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, gasa ganye yake yi. Ku nemi bangon da rana ke bugawa da safe kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne kwantar da reshe. In kun bar shi ya miƙe sama, can ƙoli kaɗai zai yi fure, ƙasa sai ƙaya. In kuka lanƙwasa shi a hankali ya bi waya, kowane ido da ke jikin reshen sai ya yi toho, kowane toho da furensa. Amma don Allah kada ku ɗaure reshen da wayar kanta. Yana ƙara kauri, tana cin jikinsa. Igiyar rama ko ƙyallen tsohuwar atamfa ya isa, a gitta shi tsakanin reshe da waya, a bar masa sarari.

Mu shiga ciki, sanyi ya fara cin yatsuna.

Wannan siririyar wayar ita ce ta masu haɗa fure. Lambarta na hawa, tana ƙara siranta. Ta wardi lamba 20 ko 22 muke ɗauka. Kun ga kumburin nan kore a ƙarƙashin furen? Nan zan soka bakinta kaɗan, in nannaɗe sauran a jikin kara zuwa ƙasa, ina kauce wa ganye. Sai koren salatif ɗin nan, wanda ba ya mannewa sai an ja shi. Na ɗan furen da ango ke maƙalawa a riga kuwa, ana yanke karan gajere, a soke kumburin ta gefe, a lanƙwaso wayar ƙasa ta zama kara. Wannan ba zai ƙara shan ruwa ba, saboda haka ranar bikin ake yinsa, ba jajibere ba.

To ƙanwata, ga amsarki. Naki ƙishi ne ke damunsa: iska ta shiga karan ta toshe hanyar ruwa. Waya za ta ɗaga masa kai, amma zai yi yaushi a tsaye. Da ya iso, ki yanke gindinsa a karkace da wuƙa mai kaifi, ki tsige ganyen da zai nutse, ki tsoma shi cikin bokiti mai tsabta a ɗaki mai sanyi na wasu awoyi. Sai ya sha ya ƙoshi tukuna ki ɗauko waya. Kuma in da iskar hunturu, kada ki ajiye shi bakin taga ko gaban fanka.